Giyar Shekarar Jinya

Yayana Nibaldo yakan ɗaga tambulan ɗin giyarsa ya kara a jikin kalandar coci da ke rataye a ɗakin ganguna. In bai iya karanta sunan waliyyin ranar ta cikin giyar ba, to ba ta gama ba ke nan, sai ta koma mataci. Haka na san shi tun gashinsa na baƙi. Duk ƙauyenmu na Guarilihue babu mai farar giyar inabi garai-garai irin tasa, kuma babu wanda giya ta ba wahala irinsa, domin ba ya barin ganga ta huta, ita ma ba ta barinsa ya huta. Da safe ya leƙa, da rana ya ɗanɗana, da yamma ya auna farar wuta ya zuba don kada ta yi tsami. Nakan ce masa, "Yaya, ko jariri ba a yi masa wannan ɗawainiyar." Sai ya ce, "Herminda, je ki ki ji da kajinki."

Abin yana da asali. Babanmu, Don Rosamel, giyar kakanni yake yi. A murje inabi da hannu a kan shimfiɗar gora, ruwa da ɓawo su zuba cikin ƙatuwar gangar katako, a rufe, a liƙe bakin da laka, ba a sake waiwayarta sai an fita sanyi. Takan fito dusu-dusu kamar ruwan rafi bayan an yi ruwan sama. Mu dai ita muka tashi muka ga ana sha, ana dama ta da soyayyen garin alkama a gona. Wata shekara Nibaldo, yana saurayi, ya raka Baba garin Tomé da manyan kwalabe a amalanke. Wani mai kanti ya zuba a kofi, ya ɗaga a rana, ya dubi mutanen da ke zaune ya ce, "Don Rosamel, jakinka ka wanke wa ƙafa a ciki?" Ya sheƙar da ita a bakin ƙofa, wuri ya kaure da dariya. Baba ya cire hula ya yi dariya tare da su, domin yana so a saya. Dariyar nan ta Baba ita ce ta tsaya wa Nibaldo a rai har ya tsufa.

Da gonar ta dawo hannunsa sai ya tura gangar Baba kusurwa, aka mayar da ita ma'ajiyar dusar kaji. Ya sayo tankin ƙarfe da mataci, ya koyi juye giya daga mazubi zuwa mazubi a bar laka a gindi. Juyen nan aikin mutum biyu ne. Shi yana sama riƙe da tiyo, matarsa Orfelina tana tsugune a ƙasa da kyandir a bayan wani ɗan bututun gilashi, tana kallon giyar tana wucewa. Da ta ga duhu ya fara tahowa sai ta ce, "Tsaya, tsoho!" Shi kuma ya murɗe tiyo. Daga gidana, tsallaken shinge, nakan jiyo wannan "tsaya, tsoho" duk lokacin sanyi, shekara da shekaru. Wani lokacin gardama ta biyo baya, ya ce ai da saura, ta ce to ya sauko ya riƙe kyandir ɗin da idon nan nasa da ba ya ganin kafar allura.

Sai dai kasuwa ba ta san wahalar kowa ba. Manyan kamfanoni suka cika kantuna da farar giya mai araha, maƙwabta suka yi ta sayar da gonaki ana dasa itatuwan katako, matasa suka watse. 'Yar yayana tilo, Yasna, ta tafi Santiago, babban birni. Ta sami aiki a wani wuri inda ake ɗiga wa mutum giya a ƙaton kofi, ya jujjuya ta, ya cusa hanci, ya kurkure baki, wani lokacin ma ya tofar. Da ta ba ni labari na ce, "Kuma biya suke yi?" Ta ce, "Sosai ma, Gwaggo." Na ce Allah ya shirya.

Ranar ƙarshe ta yankan inabi, a watan Afrilu, Orfelina ta zauna a tsakiyar gona ta ce bari ta ɗan huta, daga nan ba ta iya tashi ba. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a Chillán, Nibaldo ya bi ta da kayan gona a jikinsa. Ya bar amalanke cike da farin inabi a tsakar gida, zuma da rina sun yanyame shi, tankin ƙarfe kuwa ya riga ya cika. Ni ban iya injinansa ba, kuma ba zan tsaya ina kallon guminsu yana ruɓewa ba. Na kira maƙwabta, muka kwashe dusa daga gangar Baba, muka wanke ta, muka jiƙa ta har katakon ya kumbura. Muka murje inabin da hannu, muka zuba har ɓawo, na kwaɓa laka na liƙe murfin yadda na ga Baba yana yi. Na ce in sun dawo ya san yadda zai yi da ita.

Ba su dawo ba. Wato shi yana dawowa, amma kwana kawai. Motar farko ta safe ta kai shi Chillán, ta ƙarshe ta dawo da shi. A ɗakin mata ba a barin mai ziyara ya daɗe, saboda haka yawancin yinin a kan wani benci yake yi a baranda, da fulas ɗin shayi da burodin da aka gasa a toka a ƙunshe cikin tsumma. Duk sanyin nan bai taka ɗakin ganguna ba. Ta cikin tanki ma maƙwabcinmu Eleuterio ne ya sallama wa wata motar kamfani. Orfelina ta rasu a watan Agusta, ana tsuga ruwa. Na yi kuka ƙwarai, domin mun tsufa muna faɗa da ita a kan shinge, kuma ban da ita babu wadda ta san cikina.

Yasna ta zo jana'iza ta ce za ta yi 'yan makonni. Akwatinta yana bayan ƙofa, ko kwashe kayan ba ta yi ba. Nibaldo yakan zo bakin shinge ya tsaya yana murza hula.

"Herminda, kina jin za ta zauna?"

"Ka tambaye ta mana. Ba 'yarka ba ce?"

"In na tambaya ta zauna don tausayi, me na yi ke nan?"

Yarinyar nan ita ce abin da ya rage masa a duniya, kuma abu guda yake so, kada ta koma. Amma ba zai roƙa ba, kuma ba shi da abin da zai riƙe ta da shi.

Da aka fita sanyi na tuna masa da gangar. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Muka shiga mu uku, ya fasa lakar da guduma, ya ɗaga murfi, wani ƙamshi mai nauyi ya cika ɗakin. Ya ɗebo a tambulan ya kara a jikin kalanda, wadda har yanzu take kan Afrilu. Ruwan kamar shayin da ya kwana, ko lambar wata ba a gani ta cikinsa balle sunan waliyyi.

Ya ce, "A ja tiyo zuwa kwata."

Yasna ta karɓi tambulan ɗin daga hannunsa. Ta daɗe tana shinshinawa, ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Baba, kada ka zubar da ko ɗigo."

"Ke 'yar nan, ruwan wankin ƙafar jaki ne. Na san shi tun ba a haife ki ba."

"Baba, ka san yadda ake rububin irin wannan a Santiago kuwa? Ita ake yayi yanzu. Ba taci, ba farar wuta, ba hannun mutum a ciki."

Na ce, "Wato ƙazanta ake yayi?"

"Haba, Gwaggo, ki bari mana!"

Ta cika kwalabe ta tafi da su Santiago, kuma abin da ya ba mu mamaki, ta dawo. Ta dawo da waya a hannu ba ta ajiyewa, tana karanta mana abin da 'yan birni ke rubutawa. Wani ya ce ya ji furen lemo da ɓawon goro na turawa da ɗakin kakarsa. Wata ta ce wannan ce giyar gaskiya, duk sauran ƙarya ce da aka yi wa kwalliya. Wani dattijo mai rubutu a jarida ya ce ruwan tsami ne da warin gumin doki, ana damfarar yara masu gemu da shi. Aka yi masa ca, shi ma ya samu masu tare masa. Gwargwadon yadda suke cacar baki, gwargwadon yadda ake neman kwalaben. Ni dai a cikin su duka da dattijon nan na fi yarda, amma na ja bakina, domin na ga Yasna ta buɗe akwati ta jera kayanta a kabad.

Sai ga wani ya zo takanas daga Santiago, Baltasar, mai shagon giya. Gemu har ƙirji, wando ya ɗage, takalmi ba safa a cikin wannan taɓo namu. Ba shi da mugun hali, in faɗi gaskiya, ya gaishe mu da ladabi, ya ci burodina ya yaba. Nibaldo ya sa farar riga. Ya shiga ciki ya fito da ƙatuwar kwalba ɗaya da ya ɓoye, giyar ƙarshe da suka juye shi da Orfelina, ya zuba a kofunan bikinsu. Tana ƙyalli, kana ganin zanen teburin ta cikinta. Ya miƙa wa baƙon.

Baltasar ya kurɓa ya gyaɗa kai. "Tsaf take, Don Nibaldo, ba laifi ko kaɗan. Sai dai irin wannan akwai ta a kowane kanti. Waccan fa, ta gangar katako?"

Na dubi yayana. Ya mayar da toshiyar kwalbar a hankali, ya dafa ta da tafin hannu. Da ina da ikon korar baƙo daga gidan da ba nawa ba, da a lokacin na kore shi.

Da aka kawo waccan, mutumin nan ya lumshe ido kamar ana yi masa wa'azi. "Don Nibaldo, gaya mini sirrin. Sau nawa ka danna ɓawon? Yaushe ka juye ta?"

"Ban danna ba. Ban juye ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ba na gida. Ina asibiti wurin matata."

"Allah ya jiƙanta," in ji Baltasar, kuma da gaske ya faɗa. Amma bai ɗauki lokaci ba ya juya wurin Yasna idonsa na walƙiya. "Kin ji ko? Wata da watanni ba wanda ya ɗaga murfin. Abin da nake gaya wa mutane ke nan, inabi ya san hanyarsa, mu ne muke ɓata shi. In za ku yi mini irinta baɗi, daidai haka, zan kwashe duka."

Bayan ya tafi Yasna ta kawo zanen takardar da za a manna a jikin kwalba. Ta ce ta yi tunani, za ta sa wa giyar sunan mamanta. A nan ne na ga ran Nibaldo ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa gani ba.

"Uwarki ta ƙare idonta a kan kyandir don kada laka ta shiga kwalba. Ki rasa abin da za ki sa wa sunanta sai wannan? Wannan giyar ba yin ta aka yi ba, yasar da ita aka yi. Duk wanda ya sha, watannin da uwarki take kwance yake sha."

Yasna ta fashe da kuka. Ta ce ita ma uwarta ce. Da ta share hawaye ta ce, "To na ji, ba zan sa ba. Amma Baba, ka saurare ni. Farar giyarka babu mai saye, ka gani da idonka. In za mu yi irin wannan, ina da abin yi a nan, zan saki ɗakina na Santiago in zauna. In ba za mu yi ba, zaman me zan yi? In zuba ido har ranar da za ka sayar wa masu katako?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi." Aka sa wa giyar sunan Don Rosamel, da hoton hannuwan Nibaldo a jikin takardar, duk tsagar fata da baƙin farce a fili, wai haka masu saye suke so.

Kaka ta zagayo. Muka murje inabi a kan gora, muka cika gangar Baba da wasu biyu da Yasna ta tono a gidajen maƙwabta, aka liƙe da laka. Sharaɗi guda ne, kada a taɓa. Ga wani wannan hutu ne, ga Nibaldo kuwa azaba ce. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa wayar gari bai leƙa ganga ba, yanzu an ce ya naɗe hannu. Sai ka gan shi yana zagaya ɗakin kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, ya kara kunne a jikin katako, ya shinshina bakin murfi, ya fito, ya koma. Wata safiya Yasna ta kama shi da gwangwanin farar wuta a aljihu, ya fara ɓanɓarar laka da wuƙa.

"Baba!"

"Ɗan kaɗan ne. Ina jin warin da ban yarda da shi ba."

"In Baltasar ya kai ta gwaji aka ga farar wuta, mun gama yawo. Sunanmu ne a jiki."

"Sunana ne a jiki tun kafin ya san hanyar garin nan."

Da yamma ta sayo kwaɗo a garin Coelemu ta garƙame ɗakin ganguna, ta rataya makullin a wuya. Na yi mata tatas, na ce ba a kulle wa mutum ɗakin ubansa. Ta ce, "Gwaggo, don shi nake yi." Na san ba ƙarya take yi ba, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Bayan 'yan kwanaki sai gidan ya lafa. Nibaldo ya daina zagaye. Ya fara shiga motar safe, ya ce zai je Chillán neman kayan garmar doki, gobe ya ce wurin mai haƙori, jibi ya ce wani tsohon aboki ne ba shi da lafiya. Yasna ta ji daɗi, ta ce gara ya riƙa fita yana shan iska. Ni ma na ɗauka haka ne, har na fara tsokanarsa ko wata bazawara ya samu a kasuwa.

A watan Yuni aka ba ni ranar ganin likitan ido, saboda yanar da ta fara rufe mini na hagu. Eleuterio ya rage mini hanya a motarsa. Da na fito daga wurin likita, an ɗiga mini magani ina gani biji-biji, na ɓata hanya na bi ta barandar ɗakin mata. Can na hango wani tsoho a kan benci, hula a gwiwa, fulas a gefe, da ƙunshin burodi a cikin tsumma mai ratsin shuɗi. Fuskar ban gane ba tukuna, amma tsumman na sani, ni na ba Orfelina shi. Na ƙarasa wurinsa da sauri.

"Yaya! Wa ke kwance?"

Bai ko razana ba. Ya janye fulas ya ce, "Babu kowa. Zauna."

Na zauna. Mutane suna wucewa da kwanukan abinci, wata tana goge ƙasa, ta zo kusa da mu ta ce, "Don Nibaldo, ɗaga ƙafa," ya ɗaga. Har sunansa ta sani.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka sa kwaɗon."

"Kai ko ka haukace ne? Me kake yi a nan?"

"A gida ina jin ta, Herminda. Ko ina kan gado ina jin tana tafasa ta bayan bango. Na san ranar da ya kamata a juye ta, ƙafata da kanta take kai ni bakin ƙofar. Rannan na tsinci kaina da guduma a hannu ina duban kwaɗon."

"To ka je kasuwa mana! Ka je coci, ka je wurin Eleuterio ku buga karta. Duk faɗin duniya sai nan?"

"Na gwada. Duk inda na je hankalina yana kan gangar." Ya shafa bencin da tafin hannu. "Tun da nake, nan ne kaɗai na taɓa zama na manta da giya."

Ƙofar ɗakin mata ta buɗe, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunan wasu. Na ga ya ɗago da sauri, ya riƙe hula kamar zai miƙe, sa'an nan ya koma ya jingina.

Ya ce, "Na san ba ni za a kira ba. Amma nakan ɗago."

Kuka ya zo mini, na rasa ko na tausayi ne ko na haushi. Na ce yau ɗin nan zan gaya wa Yasna, ta san abin da giyarta ta 'yan gayu take ci. Ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

"In kin gaya mata za ta cire kwaɗon, tana da tausayi kamar uwarta. In ta cire zan juye giyar in tace ta, na san kaina. In na tace babu mai saye. Daga nan sai akwati." Ya saki hannuna. "Da safe ina jin motsinta a kicin, Herminda. Tana waƙa in tana hura wuta, ba ta ma iya waƙar ba. Ki bar ni da bencina."

Ya warware tsumman, ya gutsura burodi ya ba ni rabi. Muka ci, muka sha shayi a murfin fulas ɗaya, muka jira motar ƙarshe. Na sauka kafin gidansu don kada Yasna ta gan mu tare.

Ban gaya mata ba. Sau da yawa maganar takan zo mini har baki, musamman in ta shigo tana murna tana nuna mini hoton kwalbarmu a kan wani tebur a wata ƙasa, sai in haɗiye in ce da kyau. A raina kuwa addu'a nake yi giyar ta lalace. Na ce waccan ta farko sa'a ce, wannan karon ta zama ruwan tsami na gaske, ko yayin ya wuce kamar yadda kowane yayi yake wucewa, kowa ya huta. Sai kuma in tuna in ta lalace yarinyar za ta tafi, in rasa addu'ar da zan yi.

A watan Oktoba aka fasa lakar. Baltasar ya zo da abokai cike da mota, maza da mata, kowa da ƙaton kofinsa a jaka. Suka shinshina, suka kurkure baki, suka dubi juna. Baltasar ya ce ta fi ta bara. Ya ce yana so kowace shekara, kowace shekara ba fashi, kada a canza komai. Yasna ta yi tsalle ta rungume ubanta, ta ce ta riga ta mayar wa mai gidan Santiago makullinsa, za ta yi wa ɗakinta fenti, za ta dasa sabon inabi a gangaren da ya mutu.

"Ka gani, Baba? Da ka ƙyale ta ta huta!"

Wata daga cikin baƙin ta ce, "Don Nibaldo, gaskiya kun iya zama lafiya a ƙauye. Mutum ya liƙe ganga ya je ya yi kwanciyarsa har bazara!" Suka kwashe da dariya. Yayana ya cire hula ya yi dariya tare da su.

Na san dariyar nan. Ban je Tomé ba a waccan shekarar, amma ya kwatanta mini ita sau ba adadi, har na san yadda kafaɗa take sauka da yadda hula take juyawa a hannu. Na fita na tsaya a bayan ɗakin ganguna wurin da babu kowa, na yi kukana na gama, na wanke fuska a famfo na dawo na taya su yanka burodi.

Bana ma an liƙe gangunan, guda biyar ne yanzu, kwaɗo yana ƙofa. Yasna tana nan, ta yi ƙiba, har akwai wani malamin makaranta daga Coelemu da ke yawan zuwa tambayar abin da bai shafe shi ba. Ta ce ta ji daɗi da na fara raka babanta yawonsa na Chillán, wai tsofaffi biyu sun fi ɗaya. Nakan tashi da sassafe in tono burodi biyu daga toka, in ƙunshe a tsumma mai ratsin shuɗi. Mai goge ƙasa ta san sunana ni ma. Ba ma yawan magana. In ƙofar ta buɗe yakan ɗago, ni kuma in dubi wani wajen har ya koma ya jingina.